Shafin Inna: Wata 7 ke nan abokiyar aikina tana cinye mini abincin rana

Assalamu alaikum Inna. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali da zafin nan?

Inna, abin da ya sa na rubuto miki, duk wanda na faɗa wa sai ya ce don abinci kawai? To don abincin ne, kuma har barci yake hana ni. Ina aiki a wani biro a nan Maradi, shekara 3 ke nan, ni ce mai buga takardu. Kin san yanzu wuni ake yi wurin aiki, daga Litinin zuwa Alhamis sai yamma ake tashi, Juma'a kaɗai muke komawa gida da wuri. Ni kuma a Ali Dan Sofo nake, in na ce in hau kabu-kabu in je gida in ci in dawo, kuɗin hanya ya fi na abincin. Shi ya sa tun asuba nake ɗora tukunya, kafin in shirya yara lakwal na gama, in zuba nawa a kula in tafi da shi.

Akwai wata Hajiya da muke ɗaki ɗaya, da ɗiyarta ta fari muka yi karatu. Ranar farko dambu na kawo, na zogale, ya sha man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ina buɗewa ta ce, "Ɗiyata, me ke ƙamshi haka?" Na ce Hajiya bismillah, kamar yadda kowa zai ce. Ta jawo kujera muka ci. Wallahi ranar ban ji komai a raina ba, har daɗi na ji da ta yaba. Washegari ma haka, jibi ma haka. Daga nan sai abin ya sake. Ina zuwa sallar azahar in dawo in tarar an buɗe kula, an tsince naman, an juya shinkafar an bar mini gefe. Da farko ma tsohon da ke mana shara da aike na zarga, har na kai ƙararsa wurin shef aka karɓe makullin ɗakinmu daga hannunsa, sai daga baya na dawo ɗaukar carbina na same ta da idona, da cokalina a hannunta. Ko gezau ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Kin daɗe, na ce bari in rage miki kada ya huce."

Inna, nama yanka biyu ko uku ne nake sawa, daga na yara nake ragewa. Kin san yadda kaya suka yi tun da aka rufe iyaka a 2023, an buɗe amma kasuwa ba ta koma yadda take ba. Kuma ina shayarwa, yaron watansa 8, wurin uwar mijina nake barin shi. In na koma gida da yamma jikina rawa yake yi, nonon ma ba ya kawowa kamar da. Rannan fura na dama na sa a firigo, na zo na tarar an sha rabi an cika mini da ruwa. An cika da ruwa fa, Inna! Kilishin da maigida ya kawo mini tsaraba daga Madawa, a jakata yake, na bar jakar kan tebur na shiga wurin shef da takardu, kafin in fito saura takarda da ɗan guntu. Ba ta da wani rashi. Albashinta ya ninka nawa, ta je Makka, ƴaƴanta manya ne, da mota ake kawo ta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa da ko fanke ta ce ga shi mu ci ba.

Babu dabarar da ban yi ba. Na zambaɗa yaji har ni na kasa ci, ta cinye tana cewa haka take so. Na ɓoye kular cikin durowa, ta ce yau ba ki kawo mana komai ba ne, kunya ta sa na fiddo. Na ce ina azumin Litinin da Alhamis alhali ba na yi, ranakun sai in saye shinkafa da wake na dala 100, wato sefa 500, in laɓe bayan gini in ci tsaye kamar ɓarauniya, da abincina da kuɗina. Sauran abokan aiki sun sani, dariya suke yi, wata ma ta ce ita tun bara ta daina kawowa saboda ita. Wata ta ce in jiƙa filasko in zuba a miyar, in ta wuni tana zarya makewayi za ta bari. Wallahi har na saye, yana nan gida.

Na gaya wa maigida ya ce abinci ne fa, rabonta ne take ci. Na gaya wa mahaifiyata ta ce kul, kada ta ji an ce ɗiyarta ta hana wani abinci, ba mu gaji rowa ba. To ni ya zan yi? Ba rowa nake ba, Allah ya sani. Da ta tambaya da sauƙi. Yadda take buɗewa kamar nata, shi ke ci mini rai, da wannan "mana" da take cewa. Yanzu ina jin takunta gabana yake faɗuwa, ina girki da asuba ina jin haushi, har yara nake daka wa tsawa ba laifin komai. Shin in zuba filaskon, ko in daina kawo abincin, ko in nemi a sake mini ɗaki? Ki taimake ni da shawara, Allah ya saka da alheri.

Ɗiyarki, daga Ali Dan Sofo, Maradi.

Amsar Inna

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya yaro, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a karatu na biyu wuri ɗaya na tsaya na kasa wucewa. Kin ba ni labarin dambu da fura da kilishi dalla-dalla, amma tsohon nan mai shara a layi ɗaya kika ambace shi kika wuce. Ina makullin yake yanzu? An mayar masa? Ranar da kika ga cokalinki a hannun Hajiya, kin koma wurin shef kin ce kin yi kuskure? Ba ki faɗa ba, kuma da kin yi da kin faɗa. Ke nan har yau bawan Allah nan yana shigowa kowace safiya da tsintsiyarsa, a idon shef da na ma'aikata shi ɓarawon abinci ne, kuma mutum biyu da suka san gaskiya suna zaune ɗaki ɗaya sun yi shiru.

Ki duba abin da kunyarki ta yi. A gaban Hajiya mai mota, wadda kika kama da idonki, wata 7 bakinki ya kasa buɗewa. A kan tsoho talaka, wanda ba ki gani ba, zato kawai kika yi, ƙafarki ba ta yi nauyi ba har ofishin shef. Shi ma ai ya haife ki. Ban faɗi wannan don in ƙara miki damuwa ba, na faɗa ne don wannan haƙƙin yana wuyanki, alhali na abincin yana wuyan wata. Allah ya gargaɗe mu a Suratul Hujurati, aya ta 12, mu nisanci yawan zato, kuma a Suratul Ahzabi, aya ta 58, ya kira cutar da muminai kan abin da ba su aikata ba ƙage da zunubi bayyananne.

Ku ma masu karatu, da ku nake. A biro, a asibiti, a lakwal, a gidajenmu, da an nemi abu an rasa, ido kan mai shara yake fara sauka, sai mai gadi, sai yarinyar aiki. Ba a taɓa fara duban mai babbar riga. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ta Nijar jikka 42 ne, wato sefa dubu 42 a wata, tun farkon 2024, kuma kowa ya san akwai masu shara da gadi da ko wannan ba ya shiga hannunsu. Mutumin da ke kan wannan kuɗi ba shi da jarin da ya wuce a ce shi mai amana ne. Da ita ake ba shi makulli, da ita ake aikensa banki, da ita wani zai ɗauki ɗansa aiki gobe. In kuka ɓata masa ita saboda yanka biyu na nama, kun karɓe masa abin da albashin shekara ba zai saya masa ba. Ku ji tsoron Allah a kan mutanen nan.

Don haka gobe, kafin ki zauna kan kujerarki, ki nemi tsohon nan. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Baba, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ka yafe mini." Kada ki yi shi a ɓoye, tunda ba a ɓoye aka karɓe makullin ba. Sannan ki shiga wurin shef ki ce kin tabbatar ba shi ba ne, ki roƙa a mayar masa da makullinsa. Ba dole ba ne ki kama suna. In shef ya matsa, ki faɗi abin da idonki ya gani, kada ki ƙara kada ki rage.

Yanzu ga Hajiya. Ban ji ta bakinta ba, kuma ba al'adata ba ce in yanke wa wanda ba ya nan hukunci. Mai yiwuwa a ranta ta ɗauke ki ɗiya, ta ɗauki bismillar ranar farko izinin har abada. Amma uwa ba ta tsince naman ɗiyarta mai shayarwa, kuma wanda ya yarda abin da yake yi daidai ne ba ya cika fura da ruwa. Ruwan nan shi ya nuna ta san ba a ba ta ba. Hausawa sun ce laifin babba rowa, don babba ne ake sa ran ya ciyar da yaro. Ita ya kamata ta riƙa zuwa miki da ɗan abin ƙarin nono. Kuma tana zaune aka karɓe makulli daga hannun tsohon nan a kan abin da ta san cikinta ya shiga, ba ta ce uffan ba. Wannan ya fi cin abincin muni a wurina.

Mahaifiyarki da maigidanki sun faɗi rabin gaskiya. Hadisi ya tabbata cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, kuma mu a ƙasar Hausa ba a cin abinci gaban mutum ba a yi masa tayi ba. Amma addinin da ya kwaɗaitar da ciyarwa shi ne ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Wani sahabi ya taɓa gayyatar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cin abinci su biyar, sai wani mutum ya bi su. Da suka isa sai Manzon Allah ya sanar da mai gidan cewa ga wani ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma. Ko a gaban fiyayyen halitta sai da aka nemi yardar mai abinci. Ki gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa rabon da ake ci ɗin na ɗansa ne mai wata 8.

Filaskon nan ki zubar da shi yau. Ba ki san abin da ke jikin matar nan ba, mutum mai shekaru ana iya samun shi da hawan jini ko ciwon suga, zawo mai ƙarfi cikin zafin Maradi zai iya kwantar da ita asibiti. Ranar babu mai tuna dambunki, cewa za a yi kin sa wa mutum magani a abinci, kuma maganar ba za ta tsaya a biro ba. Ƙaryar azumi ma ki bar ta, ibada ba abin fakewa ba ce. Neman sauya ɗaki kuma gudu ne, firigon ai ɗaya ne.

Abin da ya rage shi ne wanda a duk wasiƙarki ban ga kin gwada ba, wato ki buɗe baki. Kunyar mara kunya asara ce. Ki same ta ku biyu, ba a gaban kowa ba, ba kuma lokacin da take kan ci ba. Ki ce, "Hajiya, ke uwa ce, shi ya sa zan faɗa miki. Ina shayarwa, abincin da nake kawowa ni kaɗai ma da ƙyar yake isata, yaron ya fara ramewa. Don Allah a bar buɗe mini kula in ba na nan. Ranar da na samu hali ni da kaina zan zubo miki." Kada ki yi dariya kina faɗa, kada ki bi shi da ban haƙuri goma. Za ta iya ɗaure fuska, za ta iya daina amsa gaisuwarki kwana biyu, har ta ce wa mutane ɗiyar wance ta yi mata gorin abinci. Ki ci gaba da gaishe ta kamar kullum, kularki kuma ta zauna kusa da ƙafarki, in za ki salla ki sa ta a durowa ki kulle. In ta ce yau ba ki kawo mana komai ba, ki ce na kawo Hajiya, amma na yau nawa ne da na yaro.

Kuma ranar da kika sake yin dambun zogalen nan, ki ƙara gari kaɗan, ki zuba a ƙaramin kwano daban, ki kai wa Baba mai shara da hannunki.

Inna