Kada ka ajiye darasi saboda tsofaffin tambayoyi

Malam, ka tambaya ko ka ajiye darasi ka koma ba ɗalibanka tsofaffin tambayoyi kawai, tunda jarrabawar karatu da lissafi ta matso. A'a. Ka ware rana ɗaya a mako su yi gwaji da agogo a gabansu, sauran ranakun ku bi kurakuransu.

A ajina na lura, sau da yawa ba lissafin ke kayar da yaro ba, tambayar ce bai gane ba. Zai ga "nawa ya rage" ya kama tarawa. Sa shi ya maimaita tambayar da bakinsa kafin ya taɓa biro. Amma wanda har yanzu da ƙyar yake haɗa baƙi, gwajin agogo bai amfane shi ba tukuna, karatu za a fara gyara masa.