Ga 'yar'uwar da ke son fara shan tenofovir

'Yar'uwa, da na ga kina tambaya ko ki sayi tenofovir, maganin HIV da ciwon hanta na B, ki fara sha tunda an ce ƙwayar cutar Epstein-Barr (EBV) ce tushen MS ɗinmu, ciwon nan da ke lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wallahi kamar ni na rubuta. Allah Ya ba mu lafiya.

Ranar da na ji labarin binciken nan na Jami'ar Harvard a 2022 ban runtsa ba don murna. Sojojin Amurka sama da miliyan 10 aka bibiya, aka ga wanda EBV ta shiga jikinsa haɗarin MS gare shi ya ninka sau 32. Gari na wayewa na nufi kemis. Mai kemis ɗin nan, tsakanina da shi sai Allah Ya isa! Ko takardar MRI ɗina bai duba ba, ya jibgo min acyclovir, wani maganin ƙwayoyin cuta dangin EBV, kwali-kwali, yana rantsuwa wata uku zan yar da sanda. Har 'yan kunnena na gwal na sayar. Ana cikin wata na biyu, bazara ta kankama, na fito alwalar asuba ƙafar dama ta ƙi ɗaukata. Na zube a tsakar gida, buta na hannuna, fitsari ya kufce min a gaban surukata. Ita ko ta ce ai dama ta faɗa, iska ce. Da na koma wajen mai kemis ɗin, wai ni ce ban kiyaye ƙa'ida ba.

Sai daga baya likitar jijiya ta warware min. EBV ɗin lamo take yi cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, acyclovir kuwa sai tana hayayyafa yake taɓa ta. Tun 1996 aka gwada shi kan masu MS a Suwidin, bai yi abin da ake fata ba. Tenofovir ɗin ma gwaji ake yi har yanzu, ga shi yana iya taɓa ƙoda. In kina da ciwon hanta na B ba ki sani ba, kika sha kika yanke, hantar tana iya birkicewa. Ki yi gwajin ciwon hantar don Allah, ko rituximab, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba masu MS, za a sa miki sai an duba shi.

Af, an yi miki gwajin jini na aquaporin-4 kuwa, wanda ke gano NMO, wata cuta mai kama da MS? Mu baƙar fata NMO ta fi kama mu fiye da Turawa, kuma interferon, maganin da ake ba masu MS, tsananta ta yake yi. Sannan ki guji fita da tsakar rana, zafi yana tayar da alamomin MS. Ni tawul nake jiƙawa in ɗora a wuya. Surukar tawa har gobe hayaƙi take turo min.