Tambaya da Amsa: "Innovation" yabo ce ko bidi'a?

Tambaya: Malam, a makaranta kullum ana ce mana sai da "innovation" ƙasa za ta ci gaba. Amma a wani littafin addini na Turanci na ga da ita aka fassara bidi'a. To yabo ce ko zargi? Daga wata ɗaliba, Aliero.

Amsa: 'Yata, duka biyun ne, zamani ne ya raba su. Asalinta daga harshen Latin ne, inda "novus" ke nufin sabo, "innovare" kuma sabuntawa. A ƙarni na 16 ta yaɗu a Turanci, kuma a lokacin ba wanda ke so a jingina masa ita. A 1548 Sarkin Ingila Edward na Shida ya fitar da shela yana jan kunnen masu cusa sababbin abubuwa a ibadar coci, da wannan kalmar kuwa ya kira aikinsu. Mai fassarar nan tsohuwar ma'anar ya ɗauko, irin abin da Shehu Usmanu ya yi wa littafi guda, Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a.

Masana tattalin arziki ne suka wanke ta, musamman Joseph Schumpeter ɗan Ostiriya, tun daga littafinsa na 1911. Shi ya ce ƙago abin da babu shi, wato "invention", daban ne. "Innovation" kuwa sai sabon abu ya shiga kasuwa ko gona har ya sauya yadda ake aiki.

Dubi injin ban-ruwa. Ba a Kebbi aka ƙago shi ba. Amma da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ya gagari masu noman rani, na ga manoman shinkafa a fadamar Argungu suna kai injinansu wurin makanikai ana juya su su koma aiki da tukunyar gas, masu ɗan hali kuma suka koma sola. Abin da malamanku ke nufi ke nan, ko da yake makanikin bai taɓa jin kalmar ba. (Masu yawan faɗinta a tarukan otal kuwa, galibi ko fulogi ba su iya sauyawa.)

In za ki faɗa da Hausa, 'yan jarida "ƙirƙira" suke cewa. Ni na fi son "sabuwar dabara", don ƙirƙira tana ɗaukar har ƙagaggen labari. Amma kada ki je Gwandu ki ce wa kakanki bidi'a kike karantawa a jami'a.