Lambar da Za Ka Ba Otel Ɗin Nan

Ka tambaye ni ko ka bar 192.168.1.0, lambar IP (adireshin na'urori a netwok) da rauta, na'urar da ke raba intanet, ta zo da ita, a otel ɗin da za mu haɗa wa intanet, ko ka zuba 10.0.0.0 da mas 255.0.0.0 kowa ya huta. Yarona, duka biyun ban yarda ba.

Tun 1996 takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1918 ta ware wa netwok na cikin gida filin lambobi uku: mai farawa da 10, na 172.16 zuwa 172.31, da na 192.168. Kowa na iya ɗiba, shi ya sa ake karo. Ina sabon hannu na taɓa barin wani ofis a kan 192.168.1.0. Bayan 'yan watanni mai ofishin ya so ya riƙa shiga sabarsa, babbar kwamfutar ofishin, daga gida ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga netwok daga nesa, ashe rautar gidansa ma lambar ke nan. Kwamfutarsa sai ta riƙa neman sabar a cikin falonsa. Ranar Asabar guda na kwashe ina hawa tsani ina sauya lambar kyamara ɗaya bayan ɗaya, ga firinta, ga na'urar ɗaukar yatsa, mutumin na tsaye a kaina yana duba agogo. Don haka ka kauce wa 192.168.0 da 192.168.1, har da 192.168.88 na rautar kamfanin MikroTik. Ɗauki wadda ba kowa zai tuna da ita ba, kamar 10.47.20.0.

Shi kuwa mas, wato lambar da ke iyakance yawan na'urorin da netwok zai ɗauka, ƙidaya ce. 255.255.255.0 na'ura 254 yake ɗauka. Ɗaki sittin ne, kowane baƙo da waya biyu da kwamfuta, ga ma'aikata, ga 'yan biki a zauren taro ranar Juma'a. Ba zai isa ba. Sa 255.255.254.0, ka samu 510, daga 10.47.20.1 zuwa 10.47.21.254. Ka lura, lamba ta uku dole ta fara da mai rabuwa biyu, 20 ba 21 ba. Ka kuma rage wa DHCP, mai ara wa na'urori lamba, lokacin aro zuwa 'yan awoyi, baƙon da ya tafi ya sakar mana lambarsa.

In ka sa 255.0.0.0, ka haɗiye filin 10 gaba ɗaya, ranar da Alhaji mai otel ɗin ya buɗe reshe ba ka da inda za ka ajiye shi a cikin filin.

Kyamarori ka ware musu 10.47.30.0, kada baƙo ya gan su. Kafin ka taɓa kebul, rubuta duk wannan a takarda ka kawo min in gani gobe da safe.