Yaya zan koyar da shugabanci na gari ba tare da ajin ya koma wa'azi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata kwaleji a nan Kano, ina koyar da darasin gudanar da ma'aikata. Ɗalibaina sun iya zayyana ma'anar amana da adalci tsaf a jarrabawa, amma na san da yawansu in suka shiga ofis, abin da suka tarar ana yi shi za su bi. An ba ni shawara in riƙa kawo musu matsalolin wurin aiki muna tattaunawa. Ta ina zan fara, kuma anya yana amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarar mai kyau ce, kuma tsohuwar hanya ce. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Harvard a Amurka ta fara koyarwa da shari'o'in da kotuna suka yanke tun 1870, tsangayar kasuwancinta ta bi sahu a shekarun 1920. Mu ma haka ake karatun fiƙihu a zaure: malam ya jefo mas'ala, almajirai su yi ta juya ta.

Sai dai ɗalibanki ba sanin daidai suka rasa ba. Da wuya a samu wanda bai ji hadisin ma'aikacin zakkar nan da ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Abin da ba su taɓa gwadawa ba shi ne buɗe baki su ƙi umarnin na gaba da su, alhali tun suna yara ake koya musu kada su musa wa babba. Wannan ne aikin ajinki.

Don haka kada ki tambaye su ko za su karɓi cin hanci. Kowa zai ce a'uzubillahi, a tashi ba a koyi komai ba. Kawo musu irin wannan: kai ne mai kula da sito a wata masana'anta a Sharaɗa. Mota ta sauke buhu 180, takarda ta ce 200. Manaja ya bugo waya ya ce ka sa hannu, ragowar na nan tafe jibi, ai mai kawo kayan namu ne. Manajan nan shi ya samo maka aikin, shi ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarka bara. Direba na tsaye a kanka yana kaɗa makulli, yana so ya fita kafin cunkoson yamma. Me za ka ce a wayar nan?

Kada ki yarda da "ya kamata mutum ya yi gaskiya". Fito da biyu gaban allo, ɗaya manaja, ɗaya mai sito, su yi maganar baki da baki. Za ki ga wanda ya fi kowa zaƙewa daga kujerarsa ya fara sosa ƙeya, murya ta yi ƙasa, daga ƙarshe ya ce "to, ranka ya daɗe". A bar aji ya yi dariyarsa, sannan a sake. Can wani zai lalubo abin faɗa: "Yallaɓai, bari in rubuta 180 ɗin da na gani, in sa a ƙasa cewa saura 20. Ranar da suka iso sai in cike." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ci fuskar kowa ba. A ganina jimlar nan ta fi shafi goma na bayanin amana, domin ita zai tuna ranar da wayar gaske ta shigo.

Daga nan sai ki juya kujerar, tunda shugabanni kike son fitarwa. Ɗalibin ya zama manaja. Me ya sa ya nemi yaronsa ya sa hannu a kan abin da bai gani ba? Wa ke matsa masa daga sama? Wane tsari zai shimfiɗa, kamar mutum biyu su ƙirga kaya su sa hannu, yadda ƙaramin ma'aikaci zai iya ƙi ba tare da ya rasa abincinsa ba?

Doka kuwa a kawo ta bayan an gama musu. Jadawali na 5 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yarje wa ma'aikacin gwamnati karɓar kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada, amma kyautar mai kwangila da gwamnati ana ɗaukar ta saɓa ƙa'ida sai an tabbatar da akasin haka. To ina matsayin ragon layya daga ɗan kwangilar da kuka yi firamare tare? Wannan kaɗai zai cinye awa guda.

Ko yana amfani? Wanda ya ƙudurta sata, aji ba zai hana shi ba. Wanda yake amfana shi ne mai son ya ƙi amma bai san ta inda zai fara ba, kuma ina kyautata zaton su ne suka fi yawa.

Wajen ba da maki, kada ki auna da ko ɗalibi ya faɗi ra'ayinki. Duba ko ya hango duk waɗanda abin zai shafa, har da mai kamfani da leburan da za a ɗora wa laifin ɓatan buhunan, da kuma ainihin kalaman da zai furta. Idan akwai ma'aikata a cikin ɗaliban, su ne za su kawo miki labarai mafi armashi, amma ki sa su cire sunan wurin aiki da na mutane tun kafin su fara, don ba mamaki ɗan manajan da ake magana a kansa yana zaune a layin baya.