Motata na da inshora: wa zai biya direbana in ya yi hatsari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da manyan motoci 3 a Maraɗi, suna jigilar kaya zuwa Yamai da Damagaram, wani lokaci su bi ta Ɗan Isa su shiga Katsina da Kano. Kowace mota da direbanta da yaron mota ɗaya, kuma duk na yanka masu inshora. An ce mini sai na sake biyan wani kuɗi a CNSS saboda hatsarin aiki. Wannan ba biya biyu ba ne? Nawa ne, kuma me yake amfanarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba biya biyu ba ne, abubuwa biyu ne da ba su haɗu ba. Inshorar da kuka yanka wa mota, wadda jandarma ke tambaya a hanya, ta wanda motarku ta yi wa ɓarna ce: mai babur da aka kaɗe, motar wani da aka murƙushe, katangar da aka rusa. Dokar inshora ta CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke aiki da ita, ta fitar da mai tuƙin motar daga cikin waɗanda wannan inshora ta dole ke biya. Direbanku zai iya karyewa a cikin motar da takardunta suka cika, kamfanin inshora ya biya wanda aka kaɗe, shi kuwa bai samu ko dala ba. Wanda ke ɗaukar nauyinsa shi ne asusun ma'aikata na ƙasa, CNSS, kuma yi wa ma'aikaci rajista a can wajibi ne a kan duk mai ɗaukar ma'aikata. Yaron mota ma yana ciki, ko da ana kiransa ɗan koyo.

Batun kuɗi, da sefa zan yi lissafin, ba da dala ba. Kason hatsarin aiki da cututtukan sana'a 1,75 ne cikin 100 na albashi, kuma mai mota kaɗai ke biyansa, ba a cire shi daga albashin direba. Kason ɗaya ne ga kowa: mai tirela da mai shagon yadi daidai suke biya, alhali hatsarin aikinsu ba ɗaya ba ne. A Amurka ana sa farashin ne gwargwadon hatsarin sana'a da yawan hatsarin da kamfani ya taɓa yi, shi ya sa masu jigila a can ke kuka da tsadarsa. A nan wannan rangwame ne babba gare ku.

Sai dai ba a sayen kason hatsari shi kaɗai. Tare yake tafiya da na iyali, 8,40 cikin 100, da na fansho, 6,25 cikin 100. Jimillar abin da ke kanku 16,40 ke nan, ma'aikaci kuma a cire masa 5,25 na fanshonsa. Ana lissafi a kan albashi har zuwa 500.000 a wata, kuma ba a sauka ƙasa da mafi ƙanƙantar albashi na doka, wanda ya koma 42.000 tun Janairun 2024.

Mu ɗauka direba na karɓar 100.000, yaron mota 42.000. Na direba za ku biya 16.400 a wata, a ciki 1.750 ne kawai na hatsari. Na yaro 6.888, a ciki 735 na hatsari. Mutum shida ɗin nan gaba ɗaya 69.864 a wata. Tun da ma'aikatanku ba su kai 20 ba, duk wata uku za ku riƙa zubawa, wato 209.592, ku haɗa da abin da kuka cire daga albashinsu. Jinkiri na jawo tara.

Ga abin da ma'aikaci ke samu. Asusun na biyan magani da aikin tiyata da kwanciya asibiti da ƙafar roba in ta kama. Albashin ranar hatsarin a kanku yake. Daga washegari asusun ke biyan rabin albashin yini har kwana 28, daga kwana na 29 ya koma kashi biyu cikin uku, har mutum ya warke ko likita ya ce raunin ya tsaya a inda zai tsaya. Ga mai albashin 100.000, kimanin 1.670 a yini da farko, sannan kimanin 2.220.

In nakasa ta zauna, likita ne ke ƙiyasta ta cikin 100, kuma a nan mutane ke yawan ruɗewa. Abin da bai wuce 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 a ƙara masa rabinsa. Nakasar 60 ke nan: 50 ta zama 25, ragowar 10 ta zama 15, jimilla 40 cikin 100 na albashin shekara. Mai 100.000 a wata zai samu abin da ya kama 40.000 a wata muddin ransa. Nakasar da ba ta kai 10 ba, a dunƙule ake biya sau ɗaya.

Wannan lissafin ne ya sa nake roƙonku kada ku rage albashi a takarda. Wasu masu motoci na rubuta 60.000 alhali suna ba direba 100.000, don su rage abin zubawa. Abin da suka tsira da shi 6.560 ne a wata. Ranar da direban ya rasa ƙafa, 24.000 zai riƙa samu maimakon 40.000, har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya kwana a hanya shekara da shekaru yana tsare muku dukiya bai cancanci haka ba.

In rai ya yi halinsa, Allah ya kiyaye, matar mamaci na samun 30 cikin 100 na albashinsa na shekara, in mata sun fi ɗaya su raba wannan kason daidai. 'Ya'ya biyu na farko 15 kowanne, na bayansu 10, iyayen da yake ciyarwa 10 kowanne, amma duka ba ya wuce 85. Abin da ke tsayar da iyalai da yawa shi ne takarda: an ɗaura aure a gaban liman da shaidu, ba a je ofishin magajin gari ba, yara kuma babu takardar haihuwa. Ku matsa wa direbobinku su nemi waɗannan tun suna da lafiya.

Ranar hatsari, ku fara da kai mai rauni asibiti mafi kusa. Jandarma ko 'yan sanda su zo su auna su rubuta takardar hatsarin, ku karɓi takardar likita ta farko da ke bayyana raunin, ku riƙe sunayen shaidu. Sannan ku kai sanarwa cikin awa 48 ga ofishin CNSS na Maraɗi da ofishin sufeton ƙwadago. Kada ku jira a tayar da mota ko a gama sulhu da mai kaya. Awa 48 ba ta jiran kowa. In mai mota ya ƙi sanarwa, ma'aikacin ko iyalinsa na da damar kai ta da kansu cikin shekara 2, kuma a lokacin ne mai motar da bai yi rajista ba ke gamuwa da bashin baya da tara, ga kuma nauyin jinya da diyya na iya komowa kansa.

Hatsarin aiki ba faɗuwar mota kaɗai ba ne. Yaron da ya zamo daga saman kaya yana ɗaure tamfol, wanda taya ta fashe masa yana ba ta iska, wanda jak ya kuɓuce mota ta danne shi, duk suna ciki. Haka wanda ya yi hatsari tsakanin gidansa da gareji, in bai ratse don wata buƙatar kansa ba. Don tafiyar Katsina da Kano, ku riƙa ba direba takardar aike mai sunansa da na yaronsa, lambar mota, inda za su da ranar tashi. Ita ce shaidar cewa aikinku ya kai su can. Takardun asibitin Najeriya da na 'yan sandan can da Turanci suke fitowa, a adana na asali duka, har rasit na magani.

Saura ku kanku, Alhaji. In kuna hawa sitiyari wani lokaci, ku ba ma'aikacin kowa ba ne, rajistar direbobinku ba ta rufe ku. Ku sa kamfanin inshorar motar ya ƙara muku sashen kariyar direba a cikin kwangilar, ku duba adadin da aka rubuta na rasuwa da na nakasa da na magani kafin ku sa hannu, domin iyakar abin da aka rubuta shi za a biya.