Filin Tambaya da Amsa: Ƙera Ɗan Jirgin Ruwan Yaƙi Mai Rimot

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tunda muka taɓo maganar ƙananan jiragen ruwan yaƙi da ake ƙerawa da hannu ana tuƙa su da rimot tambayoyi suke ta shigowa, to na zaɓo wasu daga ciki, waɗanda ban kai ga nasu ba su yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ban taɓa haɗa jirgi ba amma burina in fara da Yamato na Japan, don wallahi tunda na ga hotonsa ya shiga raina. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ban ga laifinka ba, Yamato abin so ne. Tsawonsa mita 263, manyan bindigogi tara masu faɗin baki santimita 46, kuma har jiragen saman Amurka suka nutsar da shi ranar 7 ga Afrilu 1945 ba a ƙera jirgin yaƙi mai bindigogi da ya fi shi nauyi ba. A gidan tarihin da ke garin Kure inda aka ƙera shi akwai samfurinsa da aka rage sau goma, shi kansa mita 26 ne da ɗoriya. Amma gaskiya ba zan ce ka fara da shi ba, bari kaji dalili.

Kafin ka yanka katako ko ɗaya akwai lissafin da sai ka yi. In ka ce za ka rage jirgi sau 200, wato ma'aunin 1:200, tsawonsa ne ke raguwa sau 200, amma nauyi ba haka yake ba, tunda tsawo ya ragu faɗi ya ragu zurfi ya ragu to nauyi raguwa yake sau 200 sau 200 sau 200, miliyan takwas kenan. Yamato in ya cika da kaya wajen tan 72,000 ne, in ka raba za ka samu kilo 9 a jikin jirgi mai tsawon santimita 131. Wannan kilo 9 ɗin ba kai ka zaɓa ba fa, ruwa ne ya yanke maka, in ka haura jirgin zai nutse ya wuce layinsa, wato inda ruwa ya kamata ya tsaya a jikinsa, in ka gaza zai yi ta yawo a sama kamar ƙwarya. Ga farfela huɗu kowacce da sandarta da bututunta, wato hanya huɗu da ruwa zai iya bi ya shigo, ga ƙananan bindigogin kakkaɓo jirgin sama barkatai waɗanda sai ka yi wata da watanni kana mannawa ba ka ko jiƙa jirgin ba. Mutane da yawa a nan suke gajiya su jefa aikin saman sif.

Ni abin da nake ba sabon hannu shawara shi ne ƙananan jiragen rakiya na Ingila da Kanada da ake kira Flower, na yaƙin duniya na biyu. Tsawonsu wajen mita 62 ne, an ɗauko fasalinsu daga jirgin farautar kifin whale shi ya sa suke da faɗin ciki, farfela ɗaya tal. A ma'aunin 1:72 za ka samu jirgi mai tsawon santimita 87, faɗi wajen 14, nauyi kamar kilo biyu da rabi, hannunka zai shiga ciki ka ɗaura waya ka kwance ba tare da ka fasa komai ba. Kamfanin Revell ya daɗe yana yin na roba a wannan ma'aunin kuma mutane da dama sun mayar da shi mai rimot. Akwai ma guda ɗaya na gaske da ya rage, Sackville, yana ajiye a Halifax ta Kanada, hotunansa sun cika intanet sai ka duba duk lungun da ya ɗaure maka kai. Kada kuma ka ce to bari in ɗauki siririn jirgi irin Fletcher na Amurka tunda ƙarami ne, a 1:144 faɗinsa santimita 8 ne kawai kuma duk nauyin da aka yarje maka bai wuce kilo ɗaya ba, batir kaɗai zai cinye maka kaso mai yawa.

In kuma da katako kake son yi daga tushe, ka samu zanen jirgin mai nuna yankan jikinsa, ka fitar da haƙarƙari da filawud siriri ka jera su kan ƙashin baya a kife bisa allo miƙaƙƙe, sannan ka bi da siraran katako marasa nauyi, ɗaya dama ɗaya hagu, ɗaya dama ɗaya hagu, don in ka gama gefe guda kafin ɗayan jikin zai murɗe kuma ba ya gyaruwa. Sai sanfefa, sai ka lulluɓe da ƙyallen faiba da gam ɗin efoksi. Yamato yana nan yana jiranka, ka yi shi na biyu ko na uku.

Tambaya: Malam na gama nawa ya yi kyau sosai, amma da na juya shi a ruwa sai ya kwanta gefe guda kamar zai kife, wani lokacin ma iska kaɗan ce za ta kwantar da shi. Mene ne matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa nauyi ne ya yi maka yawa a sama. Ba kai ka fara ba, a 1628 jirgin yaƙin Sweden mai suna Vasa ya kife a tashar Stockholm a fitarsa ta farko bai yi ko kilomita biyu ba, saboda an lafta masa bindigogi da gini a sama ƙasansa kuma babu isasshen nauyi. Kai kuma naka ya fi shan wahala don iskar da ke kaɗawa a bakin tafki ba a rage ta sau 72 ba, a wajen ɗan jirginka guguwa ce.

Duk abin da ke saman dandamali, wato shimfiɗar da ta rufe saman jikin jirgin, ka yi shi da roba siririya ko katako mara nauyi, cikinsa fanko. Batir ka kwantar da shi can ƙasa a tsakiya ka ɗaure shi kada ya motsa. Sannan ka cika baho da ruwa ka ɗora jirgin da komai nasa a ciki, ka riƙa sa 'yan gutsattsarin dalma a ƙasan ciki kaɗan kaɗan kana duba layin ruwa gaba da baya har ya zauna daidai. Sai ka sa yatsa ka danna gefe ɗaya ka saki. In ya miƙe nan take to alhamdulillahi, in kuwa ya tsaya yana tunani kafin ya dawo, ka sauke wani abu daga sama. In ka gamsu ka manne dalmar da efoksi, don dalmar da ke gangarawa a ciki ita ce za ta kifar da shi ranar da ba ka zata ba. Ka wanke hannu bayan ka taɓa dalma, kada kuma yara su yi wasa da ita.

Tambaya: Kullum na fito da shi sai in tarar da ruwa kamar cokali biyu a ciki, na duba jikin babu tsaga ko ɗaya.

Amsa: Galibi ta bututun da sandar farfela ke bi yake shigowa. Ni ma haka ta taɓa faruwa da ni, na yi ta shafa gam a jiki a banza, sai wata rana na busar da cikin tas na shimfiɗa tishu a ƙasa na kunna inji a baho, ko minti biyu ba a yi ba na ga ɗan danshi yana yaɗuwa a tishun daidai bakin bututun, ɗigo ɗaya ɗaya yana fitowa tare da juyawar sandar. Zare sandar ka dura giris mara jin ruwa a bututun da sirinji ka mayar. Haka ma bututun allon da ke juya akalar jirgi a baya, ka tabbata bakinsa na ciki ya ɗara layin ruwa tsawo. Ƙofar da kake buɗewa a sama kuma ka yi mata ɗan bango a kewaye yadda ruwan da ya hau dandamali ba zai gangara ciki ba. Risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, da na'urar daidaita gudu kada ka ajiye su a ƙasan ciki, ka ɗaga su kan ɗan kanta. Kuma ka cusa soso mai hana nutsewa a gaba da baya inda babu komai, ranar tsautsayi shi zai riƙe maka jirgin a sama.

Tambaya: Na sa masa inji mai ƙarfi yana gudu sosai amma abokaina sun ce bai yi kama da jirgin yaƙi ba. Wane gudu ne daidai?

Amsa: Abokanka sun yi gaskiya. Wani injiniya ɗan Ingila, William Froude, shi ya warware wannan tun wajen 1870 yana jan ƙananan samfura a dogon kwarmin ruwa a Torquay. Abin da ya gano shi ne in kana son igiyar ruwan da samfuri ke tayarwa ta yi kama da ta babban jirgi, ba da ma'aunin za ka raba gudun ba, sai da lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ma'aunin. Misali Bismarck na Jamus yana gudun wajen kilomita 55 a awa, a 1:200 sai ka raba da 14, ka samu kamar kilomita 4 a awa, wato tafiyar mutum a ƙasa ba sauri. In kana bin gaɓa kana tafiya jirgin na gefenka yana tsaga ruwa a hankali to ka dace. Ka bar ɗan rarar ƙarfi saboda iska, amma inji mai juyawa a hankali ya fi maka, batir ma zai fi daɗewa. In farfela biyu ce ka sa su juya saɓanin juna don kada jirgin ya riƙa janyewa gefe. Kuma kada ka raina allon juya akala da ɗan injin sarbo da ke motsa shi, shi kansa Bismarck abin da ya karya shi kenan, a Mayun 1941 makamin da jirgin saman Ingila ya harba masa ya maƙale masa akala ya kasa miƙewa, washegari aka gama da shi.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 13 ne ya dame ni da wannan abu, ni kuma batir ɗin nake tsoro, an ce yana kamawa da wuta.

Amsa: Hajiya tsoronki yana kan hanya, Allah ya raya mana shi. Wanda ake faɗa ɗin nau'in batir ne da ake kira LiPo, in aka huda shi ko aka yi masa cajin da ya wuce volt 4.2 a kowane ɗaki na cikin batir ɗin ko ya kumbura aka ci gaba da amfani da shi yana iya kamawa. Amma jirgin yaƙi ba ya ma buƙatarsa tunda dama nauyi ake nema a ƙasa, ki saya masa batir nau'in NiMH, ya fi nauyi kuma ya fi lafiya ga yaro. A sa fiyus tsakanin batir da na'urar gudu saboda in ciyawa ta naɗe farfela inji zai ja wuta ya yi zafi. Rimot na zamani mai 2.4GHz ya isa, mai tasha biyu, ɗaya gudu ɗaya juyawa, sai dai saƙonsa ba ya ratsa ruwa don haka eriyar risiba ta kasance sama da layin ruwa. Ki koya masa ya fara kunna rimot kafin jirgi, in zai kashe kuma jirgi tukuna.

Abin da ya fi batir damuna Hajiya shi ne ruwan kansa. In jirgi ya mutu a tsakiyar tafki kada ya kuskura ya shiga ɗaukowa ko da ya iya iyo, a jira iska ta turo shi ko a jefa ƙwallo ɗaure da zare a janyo. Kada ya je shi kaɗai, kuma farkon fita a nemi wuri mara zurfi inda babba zai iya takawa ya ɗauko.